Tambayi Likita: zazzaɓin fitsarin ɓera, ciwon da ake ta yi wa allurar maleriya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da ruwan Agusta ya kankama saƙonnin da ke shigo mana da yawansu maganar ɗaya ce, zazzaɓin da aka sha maganin maleriya ya ƙi tafiya. Na tsinto waɗanda suka shafi ruwa da ɓera da dabbobi na haɗa su wuri guda, saboda akwai wani ciwo da nake so mu yi maganarsa sosai a wannan makon. Kamar kullum mun cire sunayen masu tambaya.

TAMBAYA: Salam Likita, dan Allah a taimaka min. Ƙanina ne muna aikin dashen shinkafa tare a nan Kura, zazzaɓi ya rufe shi lokaci ɗaya da ciwon kai mai tsanani, sharaɓarsa ko taɓawa baya so a yi, idonsa yayi jajir amma ba kwantsa balle ace apolo ne. Munje kemis an masa allurar maleriya aka ce harda taifot, yaji sauƙi kwana biyu har yana fitowa ƙofar gida sai abun ya dawo, yanzu idon ya koma ruwan ɗorawa kuma fitsari kaɗan yake yi. Tsofaffi sunce shawara ce a jiƙa masa sassaƙe. Meye abun yi? (Manomi, daga Kura)

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya ba shi lafiya. Ranar da saƙonka ya shigo na riga na maido maka da amsa cewa a kai shi babban asibiti a ranar kar a kwana, ina maimaitawa a nan ne saboda sauran masu karatu. Duk wanda ke zazzaɓi idonsa ya yi ɗorawa kuma fitsari ya ragu, ƙodarsa ce ke neman tsayawa, wannan ya wuce kemis, ya wuce jiƙo. Daga Kura zuwa Kano ba wani nisa, kuma asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano suna da sashen ƙoda da injinan wanki idan har abin ya kai ga haka.

Toh ba a gane ciwo ta wasiƙa, maleriya mai tsanani tana iya kawo wannan, ciwon hanta ma haka, da zazzaɓin shawara wanda sauro ke yaɗawa, da Lassa. Amma abubuwa huɗu da ka lissafa su ne suka tsaya min a rai: aikin cikin ruwa, ciwon sharaɓa, jan ido mara kwantsa, da kuma sauƙin da ya samu abin ya dawo. Idan waɗannan suka haɗu a jikin mutum ɗaya dole likita ya kawo zancen leftosifirosis, wato zazzaɓin fitsarin ɓera.

Ƙwayar bakteriya ce ke kawo shi, siririya a murɗe kamar sifirin cikin biro, kuma tana iyo sosai. Gidanta ƙodar dabba ce. Ɓera shi ne babban mai ɗaukarta, kuma shi ba ta yi masa komai, yana yawonsa lafiya lau yana fitsarar da ita wata da watanni, wani ma har ƙarshen rayuwarsa. Shanu da karnuka da aladu da awaki da tumaki da dawaki duk suna iya ɗauka. Idan fitsarin ya sauka a busasshiyar ƙasa rana ta buge shi ƙwayar mutuwa take, amma idan ya sauka a laka ko ruwan da ke kwance tana iya yin makonni har watanni da ranta. Kaga kenan fadamar shinkafa ta haɗa mata komai, ga ɓeraye a kunyoyi ga ruwa a kwance ga mutum tsaye a ciki tun safe har azahar ba takalmi. Tana shiga ne ta ɗan yanka ko faso ko ƙurjin da ya fashe, ko fatar da ta jiƙu ta yi laushi, ko kuma ruwan ya fallatsa a ido ko hanci ko baki. Ba sai ɓera ya ciji mutum ba, ba sai ma ya ga ɓeran da idonsa ba.

Daga shigarta zuwa fara ciwo yawanci kwana 5 zuwa 14 ne, wani lokaci kwana 2 kacal, wani kuma har wata guda. Zagayen farko zazzaɓi ne da rawar sanyi da ciwon kai da ciwon tsoka musamman sharaɓa da gadon baya, wani da amai da gudawa, ya yi kamar mako ɗaya sai ya lafa. A nan ne fa ake yaudaruwa, a ce ai allurar ta yi aiki. Mafi yawan mutane, kusan 9 cikin 10, a nan abin yake tsayawa su warke. Amma wajen 1 cikin 10 sai ya dawo musu da ƙarfi ya kama hanta da ƙoda, wani ya kama lulluɓin ƙwaƙwalwa wuya ya sanƙare kamar mai sanƙarau, wani ya fara haɓo ko dasashi na jini. Mafi muni shi ne idan jini ya ɓalle a huhu mutum ya fara tarin jini numfashi na sarƙewa, wannan kam fiye da rabin waɗanda suka kai nan ba sa tashi, kuma cikin sa'o'i yake yi.

Ba sabon ciwo ba ne. Wani likitan Jamus Adolf Weil ya bayyana mai tsananin tun 1886, sannan a 1915 wasu likitocin Japan biyu, Inada da Ido, suka gano ƙwayar, a lokacin ciwon na addabar masu haƙar kwal a ramuka masu ruwa da ɓeraye. Wani babban ƙiyasi da aka fitar a 2015 ya nuna kusan mutum miliyan 1 ke kamuwa duk shekara a duniya, kusan dubu 59 na mutuwa. A Siri Lanka manomin shinkafa ya san shi sarai, ma'aikatan lafiya har magani suke raba wa manoma lokacin aikin fadama. Mu a nan an yi bincike tun shekarun baya a Filato da Inugu an ga alamar ƙwayar a jinin mahauta da masu haƙar kwal, wato tana nan tare da mu, gwajinta ne ba a cika yi ba, kowane zazzaɓi sai a ce maleriya da taifot a wuce wurin. Wannan abu yana ci min rai wallahi, domin maganin ciwon nan a farkonsa yana cikin mafi arha a kantin magani, doksisaikilin ne miligiram 100 safe da yamma na kwana 7, ko amoksisilin ko azitromaisin gwargwadon yadda likita ya gani, amma idan aka bari ya kai ƙoda sai kwanciya da allurar fenisilin ko seftiriyazon ta jijiya da ƙarin ruwa, wani sai an yi masa wankin ƙoda, kuma kowa ya san gona nawa ake sayarwa a kan wankin ƙoda.

Idan kun je ga abin da nake so ka yi. Kar ka tsaya a "zazzaɓi yake yi", ka faɗa wa likita da bakinka cewa dashen shinkafa yake yi a cikin ruwa ba takalmi, ka faɗi ranar da ya fara da ranar da ya lafa da ranar da ya dawo, ka tafi da kwalayen duk magungunan da ya sha. Za su duba aikin ƙoda da hanta da yawan jini. Gwajin da ke tabbatar da ƙwayar ba ko'ina ake samunsa ba, kuma na jini mai neman alamar garkuwar jiki sau da yawa ba ya nunawa sai bayan kwana 5 zuwa 7, don haka ƙa'ida ita ce idan likita ya yi zargi mai ƙarfi ya fara magani kawai ba sai ya jira sakamako ba. Sannan dan Allah a dakatar da dikilofenak da ibufurofen da duk haɗin "ciwon jiki" ɗin nan na kemis, suna ƙara danne ƙodar da ta riga ta gaji kuma suna sa zubar jini. Sassaƙen ma a ajiye shi, ka lallaɓa su Baba cikin ladabi, niyyarsu alheri ce, amma hantar da ke fama ba ta buƙatar ƙarin aiki yanzu. Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne ƙodar da wannan ciwon ya tsayar yawanci tana farfaɗowa idan aka riƙe mutum ya tsallake kwanakin nan.

TAMBAYA: Likita ni fa duk kun rikita ni, dama ba Lassa ce ciwon ɓera ba? Ko duk abu ɗaya ne? Gidanmu wlh ɓeraye sun hana mu sakat. (Uwargida, daga Bauchi)

AMSA: Hajiya ba ɗaya ba ne, ɓeran ne dai ya haɗa su. Lassa bairos ce ba bakteriya ba, an fara gano ta a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, kuma wani ɓera mai nonuwa da yawa shi ne babban mai ɗaukarta. Ta fi tashi da rani, daga wajen Disamba zuwa Afrilu, ta hanyar abinci ko kayan da fitsari da kashin ɓeran suka taɓa, kuma tana tsallakawa daga mara lafiya zuwa mai jinya, shi ya sa take kashe ma'aikatan asibiti. Shi kuwa wanda muke magana ruwa da laka yake bi, ya fi tashi da damina da bayan ambaliya, da wuya ƙwarai mutum ya shafa wa mutum, kuma maganin kashe bakteriya yana aiki a kansa, Lassa kuwa ko ɗigon tasiri ba ya yi mata.

A kwanakin farko ko likita ba ya iya raba su da ido. Ke da kike Bauchi, wadda tana cikin jihohin da Lassa ta fi yawa tare da Ondo da Edo da Taraba, zazzaɓin da ya wuce kwana 2 zuwa 3 ana shan maganin maleriya bai sauka ba ki koma asibiti, idan kuma aka ga jini a kira lambar hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, 6232, kyauta ce. Maganar ɓerayen gida kuma, shinkafar ɓera kaɗai ba ta gama da su matuƙar akwai abincin da za su ci, ki zuba hatsi da garin tuwo a robobi masu murfi, kar a kwana da kwanukan da ba a wanke ba, a toshe ramuka da siminti, a nisanta bola. Idan za ki sa gubar ki sa inda yara da kaji ba sa kaiwa, mushen kuma kar a ɗauka da hannu, a sa leda ko shebur a binne.

TAMBAYA: An turo mana a gurup ɗin WhatsApp wai wata mata ta sha lemon gwangwani ta mutu saboda ɓera yayi fitsari a kai ya bushe, wai kar a ƙara shan na gwangwani. Ni kuma sana'ata kenan. Gaskiya ne? (Mai shagon lemo, daga Sabon Garin Zariya)

AMSA: Malam wannan saƙon ya daɗe yana yawo tun zamanin imel kafin a san WhatsApp, sunan garin kawai ake canzawa. Ƙwayar nan ba ta jure bushewa, fitsarin da ya bushe a kan gwangwani ba shi ne hanyar da mutane ke kamuwa ba. Amma kar ka ce shikenan, domin a shagonka akwai wurin da ya fi saman gwangwanin haɗari, wato ruwan ƙanƙarar da ke kwance a durom ko firizar da aka kashe, wanda ake tsoma lemo da fiyawota a ciki kwana da kwanaki ba a canzawa, ga sito ɓeraye na hawa kan katan. Ka riƙa zubar da ruwan kullum kana wanke durom ɗin da ɗan Hypo, ka ɗora katan a kan katako, ka rufe. Mai saye kuma ya ɗauraye bakin gwangwanin da ruwa mai kyau ya goge kafin ya kafa kai, ko ba don wannan ciwon ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, shanunmu ne wannan daminar guda uku suka yi ɓari ciki ya tsufa, wasu kuma nono ya ɗauke musu lokaci ɗaya, ɗan abin da ake tatsa ya yi kauri ya yi ɗorawa kamar dakashi, hantsar kuma ba kumburi ba zafi. Yaron da ke tatsa shi ma ya kwanta zazzaɓi amma ya tashi. Mun ɗauka bakkale ne. (Makiyayi, daga wajen Kachiya)

AMSA: Alhaji Allah Ya mayar da alheri, ɓarin saniya uku ba ƙaramar asara ba ce. Zatonku na bakkale, wato wani ciwon bakteriya daban mai sa shanu ɓari, yana kan hanya, shi ne farkon abin da ake tunani idan shanu na ɓari a ƙarshen ciki, musamman idan akwai masu kumburin gwiwa a garken. Amma yadda ka kwatanta nonon, ya ɗauke farat ɗaya, hantsa ta saki ta yi laushi ba zafi, abin da ke fita kamar dakashi wani lokaci da ɗigon jini, wannan ya fi kama da ciwon da muke magana. Akwai nau'in ƙwayar da shanu ne gidanta ba ɓera ba, saniya ɗaya ta yi fitsari a mashaya ko a cikin taɓon da garke ke kwana sauran su ɗauka. Nonon yakan dawo bayan kamar mako biyu, ɓarin kuwa sai makonni bayan saniyar ta kamu yake zuwa, shi ya sa mai shanu ba ya haɗa su. A ƙananan maruƙa kuma akan ga zazzaɓi da jan fitsari, wani ya mutu.

Ka kira likitan dabbobi ya ɗebi jinin waɗanda suka yi ɓarin da wasu daga cikin garken, akwai cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa a Vom kusa da Jos, akwai kuma asibitin dabbobi na jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Kar ka sayi allura a kasuwa ka bi su da ita ɗaya bayan ɗaya, domin idan bakkale ne allurar ba za ta raba su da shi ba, kuɗinka ne zai tafi, idan kuma wannan ne akwai maganin da ya dace da adadinsa da kwanakin da za a daina sayar da nonon bayan an yi. Akwai rigakafinsa na shanu, a ƙasar Niyu Zilan mafi yawan garken madara ana yi musu, kuma babban dalilinsu shi ne kare masu tatsa.

Yaron nan shi na fi damuwa da shi. Mai tatsa yana tsugune ne daidai inda fitsarin saniya ke fallatsa masa a fuska, ta nan ake ɗauka, sai kuma wajen jawo ɗan maraƙin da ya mutu ko mabiyiya da hannu tsirara. Ko da ya tashi a kai shi a duba, a faɗa wa likita cewa shanun gidan na ɓari, don bakkale ma yana kama mutum ya riƙa zazzaɓi yana tafiya yana dawowa wata da watanni. Abin da aka ɓarar a sa leda a hannu kafin a taɓa, a binne da zurfi inda kare ba zai tono ba, a ware saniyar daga garke, nono kuma a tafasa kafin a sha ko a yi kindirmo. Karnukan garke ma suna ɗauka kuma suna da allurar rigakafi, masu dawaki kuma su sani dokin da idonsa ke yawan ciwo yana warkewa yana dawowa har ya kai ga makanta sau da yawa wannan ƙwayar ce sila.

TAMBAYA: Likita mu ƙasarmu busasshiya ce, na ji ance wannan ciwon na mutanen kurmi da bakin teku ne. Ni garka nake yi a bakin kogi, salati da kabeji. Ya shafe ni? (Mai lambu, daga Yamai)

AMSA: Ya shafe ka ƙwarai Malam, kuma a garinku ma aka yi binciken da ya nuna haka. Masana daga Nijar da Faransa sun kama ɓeraye a unguwanni da lambunan Yamai suka gwada ƙodojinsu, sakamakon ya fito a 2015, ba su sami ƙwayar a ɓerayen cikin gidajen gari ba, amma sun same ta a kusun ciyawa da gafiyoyin da ke lambunan da ake ban ruwa. Wato ko a Sahel ne, duk inda aka ajiye ƙasa a jiƙe shekara zagaye ƙwayar ta sami wurin zama. Wannan ya shafi masu noman rani a Kadawa da Haɗeja da Bakalori da Konni da duk mai shiga rijiyar lambu yana ɗibar ruwa da ƙafa a laka. Ka nemi rambut, ka rufe duk wani ciwo na ƙafa ko hannu da filasta kafin ka shiga, kar ka wanke fuska ko ka kuskure baki da ruwan kwalbatin ban ruwa, ka riƙa zuwa da na sha daga gida. Yaran da ke haƙar gafiya a lambu kuma a ja musu kunne, naman da ya dahu ba matsala, wajen fiɗa ne haɗarin yake, idan mafitsara ta fashe a hannun da ke da yanka.

TAMBAYA: Salam. Tun ambaliyar da aka yi mana unguwarmu in an yi ruwa sai mun taka shi kafin mu fita titi, yara kuma basa jin magana wanka suke a kududdufi. Ni ina da ciki wata biyar. Wata maƙociyata tace akwai ƙwayar da ake sha duk sati ta kare mutum, in saya mana? (Mai karatu, daga Maiduguri)

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya raba lafiya, Ya kuma kiyaye maimaituwar abin da kuka gani a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Kar ki saya. Ƙwayar da take nufi doksisaikilin ce, gaskiya ne ana ba da miligiram 200 sau ɗaya a mako ga waɗanda dole sai sun shiga ruwa na ɗan lokaci, kamar masu aikin ceto da sojoji, amma ba a ba mai ciki, ba a kuma ba yaran da ba su kai shekara 8 ba don rigakafi, kuma ba abin da mutum zai yanke wa kansa ba ne.

Tsoronki dai yana kan hanya. Ambaliya ita ce babbar mai tayar da ciwon nan, tana koro ɓeraye daga ramuka ta wanko fitsarinsu da na dabbobi ta haɗa da ruwan da mutane ke takawa. Bayan guguwar da ta nutsar da Manila ta ƙasar Filifin a 2009 sama da mutum dubu 2 suka kamu cikin 'yan makonni, haka aka gani a Mumbai a 2005 da jihar Kerala ta Indiya a 2018, kuma yawanci mako ɗaya zuwa biyu bayan ruwan ne marasa lafiya ke fara cika asibiti, lokacin kowa ya manta ya taka ruwa. A Afirka ma a 2022 an yi ta fargaba a yankin Lindi na Tanzaniya kan wani ciwo mai sa haɓo, da aka gwada sai ga shi wannan ne.

Ga mai ciki yana iya jawo ɓari ko mutuwar ɗa a ciki, don haka ki samu rambut ko na aro ne, in ba hali ki sa leda mai kauri a ƙafa kafin takalmi, da kin dawo ki wanke ƙafa da sabulu da ruwa mai tsabta ki tsane. Zazzaɓi ko na yini ɗaya ne ki tafi wurin awo ki ce musu kina taka ruwan ambaliya, akwai magungunan da suka dace da mai ciki irin su amoksisilin. Yaran kuma ki haɗa da babansu da mai unguwa, don kududdufin nan ba wannan kaɗai ke ciki ba, akwai tsargiya akwai kwalara, ga nutsewa.

TAMBAYA: Ɓera ya faɗa rijiyar gidanmu ya mutu mun ciro shi, ruwan bai canza wari ko launi ba. Za mu iya ci gaba da sha da alwala? (Magidanci, daga Gusau)

AMSA: Malam hukuncin tsarkin ruwan na malamai ne, su za ka tambaya. Ta fuskar lafiya kuwa ruwa yana iya zama garau ba wari amma da ƙwayar a ciki. A yashe rijiyar, mai yasar ya shiga da rambut ba da ciwo a jikinsa ba, a nemi duba-gari su zuba sinadarin kulorin daidai da zurfinta. Kafin nan duk ruwan da za a sha a tafasa shi ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya, ko a sa maganin tsabtace ruwa na WaterGuard yadda aka rubuta a jikin robar. Na alwala ma haka, don a alwala ruwa na shiga baki da hanci da ido, kuma nan ne ƙofofin ƙwayar. Sannan a ɗaga bakin rijiyar a yi mata murfi, randa da tulu ma a riƙa rufewa, dama ya zo a hadisi ingantacce cewa a rufe ƙorai a ɗaure bakin salka idan dare ya yi.

TAMBAYA: Mu matasan layinmu ne muke haɗuwa ranar tsaftar ƙarshen wata muna yashe kwata don kar ruwa ya shigo gidaje, yawanci da silifas muke shiga. Ɗaya daga cikinmu an taɓa ce masa ya yi wannan ciwon ya warke, yace shi ya gama da shi har abada. Haka ne? (Shugaban ƙungiyar matasa, daga Kano)

AMSA: Allah Ya saka muku da alheri samari, aikin da kuke yi shi ke hana ruwan kwanciya tun farko. Amma abokinku bai gama da shi ba, ƙwayar tana da nau'i sama da 250, garkuwar da ya samu ta nau'in da ya kama shi ce kawai, wani na iya kama shi gobe. Allurar rigakafin mutane kuma sai a ƙasashe ƙalilan irin su Kuba da Faransa da Sin. Ku faɗa masa idan ya ga idonsa na ja yana ciwo ko gani na dishi-dishi, ko da watanni sun wuce da warkewarsa, ya je asibitin ido ya ambaci ciwon da ya yi, yakan biyo baya.

Silifas kuwa ku bar shi, kwata cike take da fasassun kwalabe da gwangwanaye, yanka ɗaya ya isa. Ku yi karo-karo ko ku tunkari masu hali na layin da kansilanku a saya muku rambut da safar hannu ta roba mai kauri, ko guda goma ne a riƙa karɓa-karɓa, wanda ba shi da su ya tsaya a sama yana tura baro. Mai ciwo a ƙafa ko hannu kar ya shiga ranar. A ajiye bokitin ruwa mai tsabta da sabulu a gefe, wanda ya yanke ya fito nan take ya wanke ya sa aidin, wanda ruwan ya fallatsa masa a ido ya ɗauraye da ruwa mai yawa, kuma ba cin abinci ba shan sigari sai an wanke hannu. Kayan aikin a jiƙa su a ruwan Hypo, ludayi ɗaya a ludayi tara na ruwa, a shanya a rana su bushe ƙarau. Kai kuma shugaba ka riƙa rubuta ranar da kuka yi aikin da sunayen waɗanda suka shiga, duk wanda ya yi zazzaɓi cikin wata ɗaya daga ranar a raka shi asibiti a faɗa wa likita kwata ya yashe.